Wai ƙwayar maleriya ma dangi-dangi ce?

Daga zauren WhatsApp na 'yan ƙauyenmu, gefen Auyo

Baba Maiunguwa: Ni fa ban yarda maleriya iri-iri ce ba. Sauro ɗaya, zazzaɓi ɗaya. Da can kulorokwin muke haɗiya, mu sha ƙaiƙayi, mu miƙe. Masu sayar da magani ne ke neman kasuwa.

Mai Kemis: Ranka ya daɗe, mu kuma aka ɗora wa? Gwamnati ce ta koma ACT, wato haɗin magungunan maleriya mai atimisinin a ciki, tun 2005, don kulorokwin ya daina aiki.

Baba Maiunguwa: Maganin aka lalata.

Malamar Asibiti: Ƙwayar ce ta canza, Baba. Wasu daga cikin ƙwayoyin cutar sun samu ɗan sauyi a ƙwayoyin gadonsu, suna fitar da maganin kafin ya kashe su. Su suka tsira, suka hayayyafa. Kuma iri 5 ne aka fi sani suna kama mutum: falsifarum, bibaks, malariye, obale, sai nolesi ta birai can Malesiya. Wadda ke kwantar da mu da damina galibi falsifarum ce. Tana da ƙwayoyin gado kusan 60 da take sauya kamanni da su don kada jiki ya gane ta, kuma su ne ke sa jini ya liƙe a jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Jijjigar yaran nan da ake cewa iska ce, sau da yawa ita ce.

Ɗalibi: Bibaks kuwa galibi sai ta samu wata kafar shiga a jikin ƙwayar jini, Duffy ake ce wa kafar da Turanci. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba mu da ita, shi ya sa ta fi yawa a Indiya da Fakistan. Tana ɓuya a hanta wata da watanni, ta dawo.

Manomin Fadama: To ita ke damuna ke nan, duk wata sai na kwanta.

Malamar Asibiti: Kawu, kai da kake kwana gadin shinkafa babu gidan sauro? Sabon cizo ne. Obale ma tana ɓuya a hanta, kuma akwai ta a nan, amma zo a gwada jininka tukuna.

Mai Kemis: A Indiya har yau kulorokwin suke ba mai bibaks.

Baba Maiunguwa: Kun ji ko! Ashe yana aiki.

Malamar Asibiti: A kan tasu, Baba. Tamu ta gagare shi.

Baba Maiunguwa: To a yi musaya mana, su ba mu tasu.