Mahaifi ya rasu ya bar bindiga: magada su yi yaya?

Ɗan Maharba: Assalamu alaikum. Waɗanda suka san harkar, a taimaka. Dattijo ya rasu ya bar mai baki biyu da adaka a ɗaki. Lasisinsa yana wucewa kan 'ya'yansa?

Lauyan Unguwa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙansa. Ba a gadon lasisi. Dokar Bindigogi ta 1959 ta ba wanda kayan mamaci ke hannunsa kwana 14 kacal. Kafin su cika a kai wa 'yan sanda ajiya, a karɓi takardar shaida mai ɗauke da lambar bindigar. Magajin da ke so sai ya nemi nasa. Kuma bindigogin nan biyu ba ajinsu ɗaya ba. Mai baki biyu tana cikin na amfanin kai, tare da bindigar iska, lasisinsu na Sufeto Janar na 'yan sanda ne. Adaka da irinta da ake ɗura wa albarushi ta baki, maganarsu tana hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha.

Tsohon Sufeto: Barista, ka bar ajin da ya fi jefa mutane a ruwa. Fistol, AK-47 da mashinga haramtattu ne, Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izini, hukuncin kuwa ba ya gaza shekara 10. Abin da 'yan banga da yawa ba su gane ba shi ne fam-akshan. Harsashinta ɗaya da na mai baki biyu, sai a ɗauka 'yan gida ɗaya ne. Amma mai baki biyu karya ta ake yi a zura harsashi biyu da hannu, fam-akshan kuwa ana ja da baya ta tofar da kwanko ta ɗauko wani. Wannan na'urar ce ta fitar da ita daga ajin amfanin kai. Ko a 2022 da Gwamna Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi bindiga, 'yan sanda sun ce an dakatar da ba da lasisi.

Sarkin Baka: Ɗana, kafin a taɓa adakar nan a zura sandar ɗuri a gwada zurfinta da tsawon bututun ta waje. In ta tsaya da tazara, da ɗuri a ciki, tsofaffi kan rataye ta a haka. Ɗuri kan ɗuri ko tsatsa ke fasa bututu a hannun mai harbi. Kada a ba yaro ya ɗauko.

Lauyan Unguwa: Gaskiya ne, Baba. Mai neman lasisi kuma ya sani, ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce.

Ɗan Maharba: Yau kwana 9 da rasuwar. Gobe da safe za mu kai su.