Me ya sa wasulan Turanci suke da wuyar furtawa?

Ɗalibin Harshe:
Assalamu alaikum. An koya mana cewa wasulan Turanci biyar ne, amma idan na saurari mai harshen sai in ji harafin a yana fita da sauti daban a cikin cat da car da cake. Malamai, ina roƙon ku fayyace mini inda bambancin yake, musamman a cake, wadda nake jin kamar wasula biyu ne a cikinta.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kunnenka bai yaudare ka ba. Haruffan ne biyar, amma sautukan wasali a daidaitaccen Turancin Ingila sun kai 20, wato tilo 12 da tagwaye 8. Tagwan wasali shi ne wanda harshe yake farawa a wuri ɗaya sannan ya zame zuwa wani wuri a cikin gaɓa guda, kamar ai da au da muke da su a kai da sau. Shi ya sa time da house ba sa ba mu wahala. Inda muke tuntuɓe shi ne cake da go, domin mukan mayar da su dogon e da dogon o, alhali na farko yana ƙarewa ne da ɗan i, na biyu kuma da ɗan u. Ka riƙa furta su a hankali gaban madubi, za ka ga laɓɓanka suna motsi kafin sautin ya ƙare. Idan suka tsaya cik, to tilo ka furta.

Ma'abociyar Karatu:
Ina so in ƙara da dalilin saɓanin rubutu da furuci. Tun daga wajen 1400 dogayen wasulan Turanci suka fara sauyawa, sai kuma William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476, rubutu ya fara daidaituwa yayin da furuci bai gama sauyawa ba. A da, time da dogon i ake furta ta.

Ɗalibin Harshe:
Na gode ƙwarai. Malam, to ship da sheep fa, tsawo ne kawai ya raba su?

Tsohon Malami:
A'a, ba tsawo kaɗai ba ne. A ship harshe yakan ɗan sauka ya saki jiki, a sheep kuwa yakan ɗaga ya matso gaba sosai.