Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yabo ne ko shinge?

Malamin Firamare, Argungu: Assalamu alaikum. Makon jiya wani masunci ya cire ɗansa daga aji biyar, yaron da babu mai kama ƙafarsa a lissafi. Da na bi shi gida ina roƙo, sai ya ce, "Malam, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, homa da gora su ne gadonsa." Shin haka magabata suka nufa?

Dattijo, Gwandu: Wa alaikumus salam. Ba haka muka ji ta a bakin manya ba, Malam. Ana faɗinta ne bayan an ga yaro ya nuna bajinta irin ta mahaifinsa, wato yabo ne da ke biyo bayan aiki, ba hukuncin da ake yanke wa yaro tun bai gwada ƙafarsa ba. Ɗan barewar ma da aka ɗaure a turke ba zai yi gudun uwarsa ba.

Hajiya, Jega: Baba, a gafarce ni, ina ganin mutumin nan ya fake ne da karin magana don ya rufa wa kansa asiri. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas, amma kayan makaranta da littattafan rubutu daga aljihun uba suke fitowa, sannan kifin da yaron zai kamo da safe shi ne cefanen gidan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda masu hali ke amfani da karin maganar nan: ɗansu ya sami malamin gida da fitilar karatu, in ya ci jarrabawa sai a ce jini ne.

Dattijo, Gwandu: Kin yi gaskiya, 'yata, ban duba ta wannan fuskar ba. To, ai mu ne muka ce ɗa na kowa ne. Nawa ne kuɗin kayan nasa, Malam?

Malamin Firamare, Argungu: Allah ya saka da alheri, Baba. Kayan ba za su gagara ba. Cefanen safiyar ne matsalar. Gobe bayan la'asar zan ɗauki limamin unguwarsu mu koma wurin uban.