Yaya zan raba manhajojin kwamfutar shago rukuni-rukuni?

Mai Buga Takardu:
Assalamu alaikum. Kwamfutar shago ce mai Windows 11, RAM (ƙwaƙwalwar aiki) gigabayit 8. Kullum ana buɗe Word da Excel, CorelDRAW da Photoshop na katin biki, Chrome na cike fom, ga WhatsApp da kwastomomi ke turo takardu ta ciki. Kafin azahar tagogi sun cika ƙasan allo, neman wadda ake so ma aiki ne. Akwai hanyar raba su ba tare da sayen wata manhaja ba?

Injiniyan Unguwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake nema yana cikin Windows tun fitowar Windows 10 a 2015, sunansa Task View. Danna maɓallin Windows da Ctrl da D tare, za ka samu sabon allon aiki babu komai a kai. Yi uku. Sai ka danna Windows da Tab, ka sa wa kowanne suna: Rubutu, Zane, Intanet. A nan ɗin ka ja kowace taga da linzami ka jefa ta inda ta dace. Tsallakawa daga wannan allo zuwa wancan kuwa Windows da Ctrl da kibiyar hagu ko dama.

Ka leƙa Settings, System, Multitasking, Desktops, ka tabbatar sandar ƙasa da Alt+Tab suna nuna tagogin allon da kake kai kaɗai. In ba haka ba, cunkoson yana nan, sunan rabawa kawai aka yi. WhatsApp kuwa kada ka ɗaure shi a allo ɗaya: a cikin Task View danna masa dama, ka zaɓi ya fito a duk allunan, tunda kowane aiki ta nan yake shigowa.

Yayar Ɗalibai:
Gaskiya ne, amma kada Malam ya ɗauka wannan zai sa kwamfutar ta yi sauri. Manhajar da ke wani allo tana nan a buɗe tana cin RAM. Photoshop da CorelDRAW da Chrome mai shafuka ashirin a kan gigabayit 8, dole ta yi nauyi. Buɗe Task Manager da Ctrl+Shift+Esc ka duba. In ƙwaƙwalwar na kusa da cika, a rufe na zane in babu aikinsu. Kuma rufe allo da Windows+Ctrl+F4 ba ya rufe manhajojin, sai dai su koma allon da ke kusa. Fayilolin da aka barbaza a fuskar kwamfuta su ma iri ɗaya ne a kowane allo, wannan sai da folda.

Don saurin buɗewa, a menun Start ja manhaja ɗaya ka ɗora kan wata, za su zama folda, ka sa mata suna. Wannan sai daga sigar Windows 11 ta 22H2 zuwa sama. In ana kwafar rubutu daga hoton da aka turo, Windows da Z zai nuna maka tsare-tsaren raba allo, ka zaɓi mai gida biyu, Word gefe, hoton gefe.

Ɗan Gyara:
In wuta ta ɗauke kwamfutar ta mutu, allunan da sunayensu za su dawo, amma sai ka sake buɗe manhajojin. Maganinsa ƙaramin fayil ga kowane rukuni. Buɗe Notepad ka rubuta `start winword`, layi na biyu `timeout /t 5`, na uku `start excel`. Daƙiƙa biyar ɗin don kada su taso lokaci guda ne, musamman a kwamfutar da ba ta da SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri. Wajen ajiyewa zaɓi All files, ka sa masa suna rubutu.bat, in ba haka ba zai iya zama rubutu.bat.txt, ya ƙi aiki. Ka fara shiga allon da kake so sannan ka danna fayil ɗin, don inda kake tsaye tagogin za su buɗe. Kada ka zuba su a abubuwan da ke tashi da kunna kwamfuta, jira za ka yi ta yi.

Mai Buga Takardu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na Word da Excel ya yi. Na CorelDRAW kuwa baƙar taga kawai yake buɗewa.

Ɗan Gyara:
Ka sa adireshin manhajar cikin alamar zance ne, ko? Umarnin start yana ɗaukar abu na farko da ke cikin alamar zance a matsayin sunan taga. Ka fara sa alamar biyu babu komai a tsakaninsu, wato `start ""`, ka bar tazara, sannan adireshin cikin tasa alamar. Adireshin kuma kada ka rubuta da ka: danna wa tambarin CorelDRAW dama, shiga Properties, ka kwafo abin da ke gurbin Target yadda yake.