Kunkurun Ruwa Masu Cizo Na Amurka: Yadda Ake Rabe Su

In ana batun kunkurun ruwa masu cizo na Amurka, magana ta fi tsayawa kan iri biyu da ake yawan rikitawa: na gama-gari, Chelydra serpentina, da babban da ake kwatanta shi da kada, Macrochelys temminckii.

Shawarar da ta fi maimaituwa ita ce a fara da kai. Idanun na gama-gari suna can sama, ana ganinsu in an leƙo shi daga bisa. Na babban kuwa a gefe suke, kansa ƙato, bakinsa a lanƙwashe kamar na shaho. In ya buɗe baki a ƙarƙashin ruwa, akwai ɗan jan nama a harshensa mai motsi kamar tana, da shi yake yaudarar kifi. Wannan alamar ta fi gamsar da ni, domin na gama-gari ba shi da ita sam.

Ƙwaryar baya tana ruɗarwa. Babban yana da tudu uku masu tsini har tsufansa, amma ƙananan na gama-gari ma suna da su, sai sun girma sannan ƙwaryar ta lafe.

Wuri ma hujja ne. Na gama-gari ya bazu daga kudancin Kanada har jihar Filorida ta Amurka, babban kuwa yana kogunan kudu maso gabashin Amurka masu gangarawa Tekun Meziko, kuma da wuya ya bar ruwa. Wanda ka tarar yana tsallaka titi a watan Yuni, galibi macen na gama-gari ce mai neman wurin ƙwai. Kada a ɗaga ta da wutsiya, hakan yana ji mata rauni a ƙashin baya.