Sukarin majinyaci ya hau a ɗakin kulawa ta musamman: a danne shi ko a sassauta?

Ɗalibin likitanci: Ni dai ina kan bakana. Duk wanda ke kwance rai a hannun Allah, idan sukarinsa ya hau, a sa masa insulin har ya dawo kamar na mai lafiya. A 2001 an gwada haka a Leuven ta Beljiyam kan mutum 1,548, aka riƙe sukarin tsakanin 80 da 110 mg/dL, wato ma'aunin sukari a jini, mace-mace suka sauko daga kashi 8 cikin ɗari zuwa 4.6. To me ake jira?

Nas: Ƙanena, ka taɓa kwana a kan majinyacin da ke kan na'urar numfashi? An yi masa allurar barci, ba bakin cewa jiri yake ji. Sukari zai zube ƙasa da 40, ƙwaƙwalwa tana galabaita, kai kuwa kana wani gadon. Sai ka soki yatsarsa kafin ka sani.

Likita: Gaskiyarki, Sista. A 2009 binciken NICE-SUGAR ya ɗauki mutum 6,104. Waɗanda aka danne wa sukari sosai, kashi 27.5 suka rasu cikin kwana 90. Waɗanda aka sassauta wa, 24.9. Mummunar faɗuwar sukari kuwa, kashi 6.8 ga na farko, 0.5 ga na biyu.

Ɗalibin likitanci: Na Leuven ƙarya suka yi ke nan, Likita?

Likita: A'a. Nasu galibi masu tiyatar zuciya ne, kuma tun ranar farko ake ɗura musu gulukos ta jijiya. A 2023 aka sake gwadawa a Beljiyam kan mutum sama da 9,000 ba tare da saurin ciyarwa ta jijiya ba, ba a ga bambanci a mace-mace ba.

Malamin kimiyya: Ku gafarce ni. Ai jiki ne da kansa ya ɗaga sukarin. Idan wuya ta yi wuya, sinadaran jiki irin su kotisol da adirenalin da gulukagon suna sa hanta ta kwararo sukari, tsoka kuma ta daina jin insulin, don ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki su samu abinci. Ni a ganina a ƙyale shi.

Nas: Nan kam ban bi ka ba, Malam. Da ya haura 180 ƙoda za ta fara zubar da shi a fitsari, ruwan jiki ya bi bayansa, ciwo ya ƙi warkewa. Mu tsakanin 140 da 180 muke riƙewa, muna aunawa a kai a kai.

Ɗalibin likitanci: Na ji. Amma mai ciwon sukari da jikinsa ya daɗe da sabawa da 200 fa, shi ma ma'auni ɗaya za a yi masa?