Harsashi a ƙofar motata, albashi a aljihun tubabbu

Sani Direba (Shikago): Salamu alaikum jama'ar gida. Yau dai sai na amayar da abin da ke cikina. Daren Juma'a na dawo aiki wajen ƙarfe biyu, na ajiye mota a bakin titi kamar kullum. Ko takalmi ban cire ba na ji tas tas tas, sau biyar ko shida. Da gari ya waye na sauko, gilashin baya ya zube kan kujera kamar an watsa gishiri, ga huda a ƙofa wadda ɗan yatsana ke shiga. Motar da nake ciyar da iyali da ita ke nan, kwana uku ban fita ba. Asabar da yamma sai ga wasu samari da riguna iri ɗaya da lasifika suna zagaya layinmu, wai a daina harbi. Su ne masu shiga tsakani, waɗanda ake biya don su kashe rigima kafin ta kai ga bindiga. Na tare ɗaya, da bakinsa ya ce min shekara 11 ya yi a kurkuku. Na ce to ka san wanda ya yi harbin? Ya yi murmushi, ya ce su aikinsu ba kai rahoto ba ne. Wato harajina ake kwasa ana ba tubabbun 'yan bindiga albashi, su san mai laifi su yi gum. Wannan shirin asarar kuɗi ne, duk wanda ya ce ba haka ba ya zo ya biya min gilashi.

Hajiya Rabi (Bronks): Subhanallahi. Sannu Sani, Allah ya tsare gaba. Gilashi ai da sauƙi tunda ba a jikinka ba ne.

Ɗan Gusau: Yaya Sani, Allah ya mayar da alheri. Amma don Allah ka janye kalmar tubabbu. Mu da muka fito daga Zamfara mun san abin da ke ƙarƙashinta. A 2019 Matawalle ya yi sulhu, aka yi ta nuna mana tubabbu a talabijin suna ajiye bindiga biyu uku. Ina suke yau? Babu wani abu wai shi tubabben ɗan bindiga.

Malam Isiyaku: A'a, Ɗan Gusau, ka iya bakinka. Ƙofar tuba a buɗe take har rana ta fito daga yamma. Kai ne za ka rufe ta? Ka ce wane bai tuba da gaske ba, wannan magana ce. Amma ka ce babu tubabbe sam, ka shiga hurumin da ba naka ba.

Ɗan Gusau: Allah gafarta Malam, tuba tana da sharuɗɗa, a wajenku muka koya. Akwai mayar da haƙƙi. Shanun wa aka mayar?

Mansur (Baltimo): Kafin a yi nisa, Kawu Sani, bari na faɗi yadda abin yake, don kana haɗa abu biyu. Wani likita ne masanin annoba, Gary Slutkin, ya kawo tsarin. Ya yi aiki a Somaliya da Yuganda kan cututtuka masu yaɗuwa, da ya koma Shikago sai ya ga harbi ma haka yake tafiya: a harbi ɗaya yau, jibi abokansa su rama, gata a rama ramuwar. A shekarar 2000 ya fara a unguwar West Garfield Park da sunan CeaseFire, yanzu ana ce masa Cure Violence. Aikin mutumin da ka tare shi ne daren da aka harbi yaro ya isa asibiti, ya samu 'yan'uwa da abokai a bakin ƙofa ransu na tafasa, ya zauna da su har gari ya waye don kada wani ya je ya ɗauko ƙarfe. Yaron da ke da bindiga a ƙugu ba zai saurari ɗan sanda ba, ba zai saurare ni ba. Wanda ya san ya taɓa bin wannan hanyar har ya sha ɗauri, shi yake saurara. Ranar da aka ji ya kai suna ofishin 'yan sanda kuwa, aikinsa ya mutu, wataƙila shi ma.

Sani Direba (Shikago): To shi ke nan, ni da motata mu ne ragon layya.

Nura Bakano: Mansur, duk wannan dogon turancin, sulhu ne dai da wani suna. Masari ya yi a 2016, ya sake a 2019, har hoto aka ɗauka da mai bindiga a kafaɗa. Daga baya shi da kansa ya fito ya ce sun ci amana.

Mansur (Baltimo): Ba ɗaya ba ne, Nura. Can gwamna ne ya zauna da shugaban daba mai riƙe da daji, yana nan da mayaƙansa. Nan mutum ne ya gama zaman kurkukunsa, ya fito, aka tantance shi, aka ɗauke shi aiki. Ba a yafe wa kowa laifi ba, 'yan sanda na nan suna nasu binciken.

Ɗan Gusau: Ka ji, har yanzu "daba" yake cewa. Na daji ba 'yan daba ba ne. 'Yan daba na Kano ne, masu wuƙa da gora a Kurna da Ɗorayi. A daina raba mana laifi.

Nura Bakano: Kai Ɗan Gusau, me ya kawo Kano cikin wannan magana? Mu namu ko a faɗan sallah ba sa sace ƙauye guda.

Ɗan Gusau: Wayar mutane fa? Ko ita ba haƙƙi ba ce?

Hajiya Rabi (Bronks): Ku yara ku bari mana. Ni na ga abin nan da idona. Akwai irinsu a nan Bronks. Ɗan maƙwabciyata, 'yar Kumasi ce kamata, an fasa masa baki a filin ƙwallo. Ya shigo gida ba ya magana, ya shige ɗaki yana ta latsa waya. Uwar ta tsorata, ta kira wani daga cikinsu da ta sani a layi. Ya zo ya zauna a kan matakalar bene, shi da yaron, tun bayan isha'i har kusan asuba. Na kai musu shayi sau biyu. Ban san me suka tattauna ba, amma yaron yana nan da ransa, yana aiki a shagon gyaran waya. Da 'yan sanda ta kira, me za ta ce musu? Ɗana yana fushi?

Nura Bakano: Hajiya, labari ɗaya ba hujja ba ne.

Hajiya Rabi (Bronks): Na Sani labari nawa ne, ɗana?

Sani Direba (Shikago): Nawa akwai huda a ƙofa, Hajiya. Zan turo hoto.

Bala Mai Shago: Mansur, tunda kai ɗan Baltimo ne, faɗa musu abin da ya faru a 2015. Ba a ofishin Safe Streets, shirin masu shiga tsakani na garinku, 'yan sanda suka samu bindigogi da ƙwaya ba, har aka dakatar da reshen? Ko wannan ba ya cikin littafinka?

Mansur (Baltimo): Ya faru, ban musa ba. Amma ka ƙara da cewa daga Janairun 2021 zuwa Janairun 2022 an kashe ma'aikatansu uku, na farkonsu Dante Barksdale, wanda duk garin ya sani. Mutumin da ke cin bulus ba ya zuwa inda harsashi ke tashi. Kuma daga 2015 zuwa 2022 kowace shekara kisan kai a Baltimo ya haura 300. A 2023 ya sauko ƙasa da haka, a 2024 ya dawo wajen 200.

Bala Mai Shago: A shekarun nan biyu kisa ya ragu a kusan duk manyan biranen Amurka, har inda babu masu lasifika. Kuma Safe Streets tun 2007 take, me ya hana ta hana 300 ɗin? Magajin garinku Brandon Scott ma ai ya haɗa da wani tsarin da 'yan sanda ke ciki dumu-dumu.

Mansur (Baltimo): Shi ya sa ban ce su kaɗai ba ne. Binciken da aka yi ma ya nuna wasu unguwanni an samu sauƙi, wasu ba a ga canji ba.

Bala Mai Shago: Alhamdulillahi, ya amsa da bakinsa.

Malam Isiyaku: Ni har yanzu ina kan maganar tuba. Ɗan Gusau bai janye ba.

Ɗan Gusau: Malam, ƙanin mahaifiyata kwana 40 ya yi a daji, sai da aka sayar da gona. Wanda ya kama shi yana cikin waɗanda aka ce sun tuba. Ba zan janye ba.

Malam Isiyaku: Allah ya isar masa. Amma hukunci ba ya canzawa don zafin rai.

Nura Bakano: Ni abin da ya fi ba ni haushi na Richmond ne a Kalifoniya. Can ba tsofaffin ma ba, yaran da ake zargi da harbin ake ba kuɗi, har dala 1000 a wata, in sun natsu. Mu da ba mu taɓa harbin kowa ba wa ya ba mu ko sisi?

Hajiya Rabi (Bronks): To ka je ka yi harbin mana, Nura, in dala dubun ce ta tsone maka ido.

Nura Bakano: Hajiya, ni dai ban zage ki ba. Ku mutanen zango komai sai kun mai da shi ba'a.

Hajiya Rabi (Bronks): Mutanen zango? Lokacin da ka sauka garin nan da jaka ɗaya, a gidan mutanen zango ka ci tuwon farko.

Mansur (Baltimo): Kawu Sani, kan harajinka: dokar da Biden ya sa wa hannu a Yunin 2022 ta ware dala miliyan 250 don irin wannan aiki a duk faɗin ƙasar. A Afrilun 2025 kuma Ma'aikatar Shari'a ta soke tallafin ƙungiyoyi da dama. Wataƙila wanda ka tare ma albashin nasa na rawa.

Sani Direba (Shikago): Allah ya ƙara.

Alhaji Garba (shugaban zaure): To jama'a, ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da aka cimma. Kowa ya yarda an zalunci ƙanena Sani, kuma mutumin da ya tare ya san mai laifi ya ɓoye. Mansur ya kawo tarihi mai tsawo, mun gode, amma a ƙarshe shi da kansa ya amsa cewa shirin ba ya aiki. Bala ya kawo hujjar 2015 wadda ba a iya turewa ba. Labarin Hajiya Rabi mai taɓa zuciya ne, sai dai ba mu ji ta bakin yaron ba. Maganar tuba mun bar wa malamai, ko da yake duk wanda ya san Zamfara ya san inda gaskiya take. Batun Kano da zango kada na sake gani. Masu son taimaka wa Sani da kuɗin gilashi su same ni ta gefe, kuma waɗanda ba su biya kuɗin wata ba su biya kafin Lahadi.

Mansur (Baltimo): Alhaji, ban ce ba ya aiki ba. Cewa na yi wasu unguwanni.

Alhaji Garba (shugaban zaure): An rufe, Mansur. Naka ma wata biyu ake binka.